Baje Nauyi ko Bin Ƙarfi: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsara Ma'aikata da Injuna a Jadawalin Aiki

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin 'yan kwangila, da injiniyoyin da ke tsaye a wurin gini, da ɗaliban fannin gini da ƙididdigar kaya a Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin Nuhu Bamalli. Yawancin misalan na gini ne, domin shi aka fi gani a Zariya. Duk inda aka ce kwana, ranar aiki ake nufi.

1. Me ake nufi da ƙarfin aiki, kuma me ya sa sai an tsara shi daban?

Ƙarfin aiki shi ne duk abin da aiki ba ya tafiya sai da shi, kuma adadinsa yana da iyaka: birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi, leburori, injin kwaɓa kankare, tifa, tankar ruwa, katako da gorar dakin (dakin shi ne kankaren da ake zubawa a saman gini). Jadawalin da aka fara zanawa yakan duba abu biyu ne kawai, wato tsawon kowane aiki da wanda yake gaba da wani. Hanyar lissafin da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da ita a Amurka a 1957, wadda har yau kusan duk manhajojin jadawali suke bi, a kan haka aka gina ta. Tana ɗauka cewa duk ranar da aiki ya isa farawa, mutanen da za su yi shi suna tsaye suna jira.

A wurin gini ba haka abin yake ba. Jadawali zai iya neman birkila tara ranar Litinin, ya nemi biyu bayan mako biyu, alhali foman mutum huɗu ya sani da yake amince wa aikinsu. Gyaran wannan rashin dacewa ne ya haifar da dabaru biyun da ake magana a kansu, wato baje nauyi da bin ƙarfi.

2. Mene ne ainihin bambancin baje nauyi da bin ƙarfi?

Bambancin yana wurin abin da aka hana taɓawa. A baje nauyi, wanda injiniyoyi ke kira sumudin, ranar gama aiki ce ba ta motsi. Ana matsar da ayyukan da suke da rarar lokaci gaba ko baya, domin yawan ma'aikatan da ake buƙata kullum ya zama kusan ɗaya, amma ba a yarda a wuce rarar ba. In an yi iya yi kuma har yanzu akwai ranakun da buƙata ta fi ƙarfin da ake da shi, sai a nemo ƙarin hannu.

A bin ƙarfi, wanda suke kira lebelin, adadin ma'aikata ko injuna ne ba ya motsi. Daidai ruwa daidai tsaki: in birkila huɗu ake da su, babu ranar da jadawali zai nemi biyar, ko da hakan zai sa a jinkirta aikin da ba shi da rara. Shi ya sa ranar gamawa takan ja baya, kuma jerin ayyukan da ke riƙe da wa'adi yakan canza. Tambaya ta 4 da ta 5 sun nuna dabarun biyu a kan gini ɗaya.

3. Mece ce rarar lokaci, kuma yaya ake lissafa ta?

Rara ita ce yawan kwanakin da aiki zai iya jinkiri ba tare da ya taɓa ranar gamawa ba. Ana samo ta da lissafi biyu. Da farko a bi ayyukan daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta rana mafi kusa da kowanne zai iya farawa da ƙarewa. Sannan a dawo daga ranar gamawa zuwa farko, a rubuta rana mafi nisa da kowanne zai iya farawa ba tare da ya jinkirta ranar gamawa ba. Tazarar da ke tsakanin ranakun farawa biyun ita ce rarar. Jerin ayyukan da rararsu sifili ce shi ne ƙashin bayan jadawali. Kwana ɗaya da aka rasa a kansa an rasa shi a aikin gaba ɗaya.

Rara iri biyu ce, kuma a nan mutane suke yawan ruɗewa. Akwai ta gamayya, wadda duk ayyukan da ke jere a layi ɗaya suke tarayya a kanta. In haƙar ramin salga da ginin ramin suna da rarar kwana goma, goman nan ta su biyun ce. Mai haƙa ya ci bakwai, uku suka rage wa birkila. Akwai kuma rara ta kai, wato kwanakin da aiki zai iya jinkiri ba tare da ya taɓa farawar wanda ke binsa ba. Mai baje nauyi ya fara cin rara ta kai kafin ya sa hannu a ta gamayya.

4. A ba mu misalin baje nauyi da lambobi.

A ɗauka ana gina ajujuwa a wata makaranta a Tudun Wada, an riga an gama fandesho. Ayyuka huɗu suna bin juna: ginin bango, kwana 10 da birkila 4, linta da ƙarasa gini zuwa kan rufi, kwana 4 da birkila 2, rufi, kwana 6 na kafintoci, babu birkila, sai filasta, kwana 8 da birkila 4. Jimla kwana 28, kuma wannan ne ƙashin baya. A gefe akwai katanga, kwana 6 da birkila 3, da ramin salga, kwana 4 da birkila 2. Waɗannan biyun ba sa jiran komai, komai ba ya jiran su, don haka katanga tana da rarar kwana 22, salga tana da 24.

In aka bar jadawali yadda lissafi ya fitar, komai zai fara rana ta 1. Kwana huɗu na farko ana neman birkila 9, rana ta 5 da ta 6 ana neman 7, daga ta 7 zuwa ta 10 ana neman 4, daga ta 11 zuwa ta 14 ana neman 2, daga ta 15 zuwa ta 20 babu ko ɗaya, sai kuma 4 har ƙarshe. Ma'anarsa a ɗauki mutum biyar na wucin gadi a makon farko, a sallame su, sannan a zaunar da mutanen gida kwana shida ba aiki, lokacin da wani ɗan kwangila zai iya janye su.

Yanzu a matsar da salga zuwa rana ta 11 zuwa 14, ta haɗu da aikin linta: birkila 2 da 2, huɗu ke nan. A kai katanga rana ta 15 zuwa 20, lokacin da kafintoci ke sama. Sakamako: birkila 4 daga rana ta 1 zuwa 14, uku daga 15 zuwa 20, huɗu daga 21 zuwa 28. Ranar gamawa tana nan, yinin birkila (aikin birkila ɗaya na rana ɗaya) 106 ne kafin gyara da bayansa, amma mutum huɗu sun ishi aikin.

5. To yaushe baje nauyi yake gazawa har a koma bin ƙarfi?

A misalin tambaya ta 4, a ce an sake auna katangar an ga kwana 8 za ta ci, ba 6 ba. Gurbin da rufi ya bari kwana shida ne, saboda haka kwana biyu dole su hau kan wani aikin birkila. Mafi kyawun abin da baje nauyi zai iya shi ne a fara katanga rana ta 13 ta ƙare ta 20, a sa salga daga 15 zuwa 18. Daga rana ta 13 zuwa 18 ana buƙatar birkila 5. An gama a kwana 28, amma sai an samo mutum na biyar na kwana shida.

In babu na biyar, sai bin ƙarfi. Salga ta tsaya a 11 zuwa 14, katanga ta ɗauki 15 zuwa 22, filasta ta jira har rana ta 23, aiki ya ƙare rana ta 30. Ba a taɓa wuce mutum huɗu ba, an biya da kwana biyu. Abin lura kuma, katangar da a takarda take da rara mai yawa, yanzu ita ke riƙe da filasta. Babu wata alaƙar gini tsakaninsu. Hannun da zai yi wannan ne yake kan waccan. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa bin ƙarfi yana canza ƙashin baya, kuma a kan wannan tunani Eliyahu Goldratt ya gina tsarinsa na sarƙar ayyuka a 1997.

6. In ƙarfin da ake da shi bai kai abin da aiki ɗaya yake nema ba fa?

Nan jinkirtawa kaɗai ba ta isa ba, sai an miƙar da tsawon aikin kansa. A koma katangar kwana 6, amma birkila uku kacal aka samu. Bango yinin birkila 40 ne, mutum uku za su yi shi a kwana 14. Linta 15 zuwa 18, rufi da katanga 19 zuwa 24, filasta mai yini 32 za ta ci kwana 11, daga 25 zuwa 35. Salga ba ta samu gurbi ba, sai 36 zuwa 39. In mutum ɗayan da ke zaune lokacin linta zai iya fara ramin shi kaɗai, a ƙarasa rabin da ya rage a ƙarshe, ana iya saukowa kwana 37. Ƙasa da 36 ba zai yiwu ba ko da wace dabara, domin 106 a raba gida uku ya haura 35. Wannan rabawa ita ce gwajin farko da ya kamata a yi kafin a yi wa mai aiki alkawarin rana.

7. Yaya zan san wadda ta dace da aikina?

A tambayi kai: in abubuwa suka cakuɗe, wanne ya fi sauƙin samu, ƙarin kwana ko ƙarin hannu? Gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai da dole a gama kafin a dawo hutu, rufin gida da ake son rufewa kafin ruwan farko na watan Mayu, shago da ake son buɗewa kafin Sallah, duk waɗannan ranarsu a kafe take. Baje nauyi ne nasu, tare da shirin nemo ƙarin mutane a ranakun da nauyi ya ƙi bajuwa.

Inda ƙarfin ne a kafe, bin ƙarfi ya zama dole ko ana so ko ba a so. Injin haƙar rijiyar burtsatse ɗaya, injiniyan da shi kaɗai ke sa hannu kafin a zuba kankare, mai gyaran na'urar asibiti da sai an ɗauko shi daga Kaduna ko Kano. Har fili ma ƙarfi ne: a cikin lungunan birni, wajen Kwarbai ko Limancin Kona, akwai inda tifa ba ta shiga, sai a sauke yashi a bakin titi a kwashe da baro, kuma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar masu filasta shida ko da akwai kuɗin biyansu.

A aiki ɗaya ana iya haɗa su. Leburori a baje nauyinsu, tunda ana samun ƙari da safe. Injin kwaɓa kankare a bi ƙarfinsa.

8. Wacce ake fara yi?

Akwai masu koyar da cewa a fara bin ƙarfi sannan a baje, akwai masu cewa akasin haka. Abin da ya fi amfani a wurin aiki shi ne a fara gwada baje nauyi, domin ba ya cin ko kwana ɗaya na wa'adi. In ya sauko da buƙata ƙasa da iyakar da ake da ita, an huta. In bai sauko ba, an riga an san ranakun da matsalar take da girmanta, kamar mutum ɗaya na kwana shida a tambaya ta 5, sai a zauna da mai aiki a yanke shawara. In aka zaɓi bin ƙarfi, bayan an samu sabuwar ranar gamawa sai a sake bajewa a cikin sabuwar rarar da ta fito.

9. Wacce ta fi tsada?

Kuɗin hannu kusan ɗaya ne. A tambaya ta 5, yinin birkila 112 za a biya ko an gama a kwana 28 ko a 30. Bambancin yana wasu wurare. Tsawaita aiki yana ƙara abin da ake biya kullum ko an yi aiki ko ba a yi ba: maigadi, foman, hayar gora da ƙarafan hawa, man janareta, ruwa. In takardar kwangila ta sa tara a kan kowace rana ko mako na jinkiri, a haɗa da ita. A mafi yawan takardun kwangila, ƙarancin ma'aikatan ɗan kwangila ba hujja ba ce ta neman ƙarin wa'adi, don haka kwanakin da bin ƙarfi ya ƙara a wuyansa suke.

Ɗauko baƙon hannu shi ma yana da nasa. Wanda aka kira na kwana shida yakan nemi fiye da na mutanen gida, yana buƙatar leburansa, kuma ranar farko ana kallon aikinsa ne. In layin bulonsa ya karkace aka rushe, an biya sau biyu. A rubuta lissafin ɓangarorin biyu a takarda ɗaya, a kwatanta. Sau da yawa kwana biyu sun fi araha in babu tara.

10. Tunda baje nauyi ba ya taɓa wa'adi, ashe ba shi da illa?

Yana da ita, kuma ɓoyayyiya ce. Rara ita ce abin da aiki ke karewa da shi in wani abu ya lalace, kuma baje nauyi kashe ta yake yi. A tambaya ta 4, katangar da aka kai rana ta 15 zuwa 20 a takarda tana da sauran rarar kwana 8. A zahiri ba ta da ko ɗaya, domin in ta zarce zuwa rana ta 21 za ta yi karo da filasta a nemi birkila bakwai. Bulo ya makara kwana biyu, ko aka yi ruwa da safe, shi ke nan tsarin ya rushe.

Don haka ba kowane aiki ake turawa ƙarshen rararsa ba. Wanda ya dogara da kayan da za a kawo daga nesa, ko da sa hannun wani jami'i, ko da yanayi, a bar masa wani abu. Akwai kuma aikin da lissafi ke cewa yana iya jira amma hankali ya ce a'a: in babu katanga kuma rodi da siminti suna kwana a fili, gara a yi ta da wuri ko da yawan ma'aikatan da ake nema kullum ba zai daidaita ba.

11. Ayyuka biyu suna neman mutum ɗaya ko inji ɗaya a rana ɗaya. Wa za a ba?

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce a ba wanda rararsa ta fi ƙanƙanta. In sun yi daidai, a ba wanda ranar farawarsa ta ƙarshe ta fi kusa, ko wanda ayyuka da yawa ke jiran sa, ko mafi gajarta domin ya saki injin da wuri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ba da tabbacin jadawali mafi gajarta. Masana lissafi sun daɗe da nuna cewa in ayyuka suka yi yawa, ko kwamfuta ba ta iya gwada duk jerin da zai yiwu. Abin yi shi ne a gwada ƙa'ida biyu ko uku a ɗauki wadda ta fi.

Misali: inji ɗaya, dakin biyu. Na farko bene zai hau kansa, na biyu rufin ɗakin maigadi ne. Na farko za a ba, ko da kafintocin na biyu sun riga gamawa suna ƙorafi.

12. Ana iya katse aiki a ci gaba daga baya domin a saki ma'aikata?

Wasu ayyuka suna yarda, wasu ba sa yarda. Ginin katanga, fenti ɗaki-ɗaki, haƙar lambatu, ana iya tsayawa a dawo. Zuba dakin ba a katse shi yadda aka ga dama. Ranar zubi, tun da asuba injin yana juyawa, leburori sun yi layi da kwanon sarki daga bakin injin zuwa saman katako, mai girgiza kankare yana bin su a baya, kafinta ɗaya yana ƙasa yana duba gora kada wata ta zame. In aka janye rabin mutanen nan da azahar, kankaren da aka zuba zai fara daskarewa kafin sabo ya same shi, a samu gaɓa mai rauni inda ruwa zai riƙa bi. In dole ne a tsaya, injiniya ne ke nuna inda za a yanke tun kafin a fara. Filastar bango ɗaya ita ma a gama ta a yini, in ba haka ba tabon haɗin zai fito ko bayan fenti.

Ko aikin da ke yarda da katsewa yana cin wani abu: kwashe kaya, sake ɗaura igiya, sake kafa abin hawa. A ƙara rabin yini a lissafi duk lokacin da aka katse.

13. Yaya ake gane cewa wannan bajewar ta fi waccan?

Ido yana gani in aka zana sanduna, kowace rana da tsayin adadin mutanenta. In ana son lamba, akwai hanyar da Burgess da Killebrew suka bayyana a 1962: a ninka adadin kowace rana da kansa, a tara. Tunda tara sau tara 81 ne, huɗu sau huɗu kuma 16, ranakun cunkoso suna kumbura jimlar. A tambaya ta 4, jadawalin farko yana ba da 630, wanda aka baje yana ba da 406. Ana matsar da aiki rana ɗaya-ɗaya a cikin rararsa, a tsaya inda jimlar ta fi ƙanƙanta.

14. Siminti da kuɗi fa, su ma ana baje su?

Ba daidai da mutane ba. Birkila in ya gama yau gobe yana nan. Buhun siminti in an kwaɓa ya tafi. Kayan da ke ƙarewa ana bin jimlarsu ne: zuwa rana kaza, nawa aka kawo, nawa aka ci. Iyakarsu takan zama wurin ajiya da daɗewa. Siminti ana ɗora shi a kan katako nesa da bango, ba a wuce buhu goma a tsaye, kuma ba a son ya haura wata uku, musamman da damina.

Katako da gorar dakin suna tsakiya. Ana sake amfani da su, amma suna ɗaure a ƙarƙashin kankare har ranar da injiniya ya yarda a cire, wanda a nan yakan kai mako uku. Mai saiti ɗaya na katako da dakin biyu ya sani cewa na biyu zai jira, ya sa wannan jiran a jadawali. Kuɗi kuwa, in mai gini yana sakin su kashi-kashi, su ne iyakar gaskiya, kuma tsara aiki daidai da shigowarsu bin ƙarfi ne ko da ba a kira shi haka ba.

15. Wace kalanda za a sa wa ma'aikata a Zariya?

Kuskuren da ya fi lalata lissafi shi ne ɗaukar cewa mutum huɗu suna nan kwana shida a mako duk shekara. Juma'a ba cikakken yini ba ce. Da azumi aikin ƙarfi yakan koma safiya, abin da ake yi a yini ya ragu. Makon Sallah, da hawan da ake yi a fadar Zazzau da tafiye-tafiyen gida, a cire shi gaba ɗaya. Leburori da yawa manoma ne daga ƙauyukan kewaye, suna raguwa lokacin shuka da noma, su sake raguwa da kaka. A watan Agusta ruwa yakan tsayar da aikin waje, koguna su cika, yashi ya yi wuya. Da hunturu kuma iska tana busar da filasta da wuri har ta tsage, saboda haka buƙatar ruwa da mai yayyafi tana ƙaruwa.

Iyakar ƙarfi ke nan ba lamba ɗaya ba ce daga farko har ƙarshe. A rubuta ta wata-wata, har mako-mako inda ya kamata, kafin a yi lissafin tambaya ta 6.

16. Manhajar kwamfuta za ta yi mini wannan da kanta?

Za ta yi lissafin, in an ba ta gaskiya. A Microsoft Project da Primavera P6 umarni ɗaya ne ke yin dabarun biyu. Akwai zaɓin da ke cewa a jinkirta ayyuka a cikin rararsu kawai. In an kunna shi ana kusa da baje nauyi, in an kashe shi bin ƙarfi ne, ranar gamawa tana iya tafiya. A Microsoft Project kowane aiki yana da lambar fifiko daga 0 zuwa 1000, yana zuwa da 500, kuma wanda aka ba 1000 ba a motsa shi. Zubin dakin da duk aikin da aka riga aka sa wa rana da mai kawo kaya, a ba su 1000, a kuma hana katse ayyukan da aka ambata a tambaya ta 12.

Abubuwa uku ke yawan ɓata sakamako. Ba a sa iyakar kowane rukuni daidai ba. An bar manhajar tana gyarawa da kanta duk lokacin da aka taɓa wani abu, ranaku suna ta tsalle ba a san dalili ba. Ko kuma an sa ta duba cunkoso awa-awa a aikin da ake lissafa shi da yini, ta riƙa jinkirta abubuwa saboda karon da foman zai warware da baki. A adana kwafin jadawali kafin a danna, a duba abin da ta matsar ɗaya bayan ɗaya. Aikin da bai wuce ayyuka talatin ba, takarda mai layi ko Excel sun isa.

17. Me ya sa littattafai suke saɓa wa juna a kan ma'anar sunayen?

Cibiyar PMI ta Amurka, mai shirya jarrabawar PMP ta masu gudanar da ayyuka, da ƙungiyar APM ta Birtaniya suna amfani da su kamar yadda aka yi a tambaya ta 2. Amma a rubuce-rubucen bincike da yawa, musamman tsofaffi, sunan lebelin yana nufin daidaita nauyi ba tare da taɓa wa'adi ba. Ɗalibi ya bi ma'anar da malaminsa ko hukumar jarrabawarsa ta ɗauka. A taron wurin aiki kuwa, a tambaya kai tsaye ko ranar gamawa tana iya motsi.

18. Ba za a ƙara awanni ko a haɗa ayyuka a huta da duk wannan ba?

Waɗannan dabarun gajarta wa'adi ne, manufarsu daban. Ƙarin awanni yana taimakawa na 'yan kwanaki, amma in ya zama na kullum gajiya tana cinye ribar, aikin yamma ya zama na gyara da safe. Fara filasta a ajin da aka gama rufawa tun kafintoci suna kan na gaba yana iya dawo da kwanaki, sai dai a tuna cewa a misalinmu birkilolin suna kan katanga a lokacin, don haka cunkoson da aka kora zai dawo. Duk lokacin da aka gajarta jadawali, a sake zana nauyin kowane rukuni.

19. A wajen gini ma ana amfani da su?

Ana yi. A gonakin gwaji irin na Samaru, shuka tana da 'yan kwanakin da ba a wucewa, tarakta kuma ƙalilan ce: sharar gona da kai taki ana baje su kafin ruwa ya sauka, huɗa kuma tana bin ƙarfin tarakta. Ofishin da ke da mai rubuta manhaja ɗaya da ayyuka uku yana bin ƙarfi ne, sai dai a nan a kula da abu ɗaya: raba mutum kashi uku a yini ba ya ba da kashi uku na aiki, domin komawa daga wannan zuwa wancan yana cin lokaci. Gara ya gama ɗaya ya kama na biyu.

20. Bayan an fara aiki, sau nawa ake sake lissafi?

Kowane mako, a rana ɗaya da aka tsayar, misali Asabar da yamma lokacin biyan ma'aikata, tunda foman yana da adadin waɗanda suka zo kowace rana a littafinsa. A rubuta abin da aka gama, a sake auna kwanakin da suka rage wa kowane aikin da ke tafiya, a sake fitar da rara kamar yadda tambaya ta 3 ta nuna, sannan a zana nauyin mako uku masu zuwa. Ayyukan mako mai kamawa kada a motsa su sai da dalili mai ƙarfi, domin an riga an kira mutane an yi odar kaya. Gyara ya faɗa kan mako na biyu da na uku. In sabon lissafi ya nuna ranar gamawa ta motsa, a sanar da mai aiki a rubuce a makon, tare da adadin hannun da zai dawo da ita da kuɗinsa.